Kujerar Tsakiya

Wata tara ina cusa riyal a gwangwanin madara,
ladan gyaran kwandishan a benayen Jidda,
har Juma'ar da na kutsa kasuwar gwanjo
na fito da lasifika bakwai,
babu biyun da suka haɗa uwa.
Ta takwas baƙa ce, nauyin buhun gero,
mai kayan ya ce ita ba ta waƙa, sai gurnani.

Ɗakina a Sabil taku biyar ne da rabi.
Na auna da tef, na sake aunawa da ƙafa.
Biyu a gaba, sun karkato da kai kamar masu gulma,
ɗaya a tsakaninsu, biyu a bayan ƙeya.
Sauran biyun sai da na ari tsanin Tanimu tela
na kafe su a silin, garin siminti na zubo mini a ido.
Jar waya ta bi ja, baƙa ta bi baƙa.
Sau ɗaya na karkace,
kiɗan ya fito salam, miya ba daddawa.

Na tafa hannu a tsakar ɗaki,
bango ya mayar mini da tafina.
Ashe bulo ma yana da baki.
Na toshe masa shi da darduma,
da labule mai kauri, da bargon da Jidda ba ta taɓa nema ba.
Mai gurnanin na ja ta lungu-lungu,
ina rarrafe, kunne a ƙasa kamar mai neman allura,
har na dace da gurbin da ƙirji ke amsawa.
Maƙwabcina Bayamale ya bugi bango sau uku.
Na rage.
Gobe ma a matakala ɗaya za mu haɗu.

Saura ƙara guda, ƙugin kwandishan.
Ni da nake ci da sanyin mutane
na miƙa hannu na kashe nawa.
Zufa ta ce salamu alaikum.

Inna Saude ta leƙo da tiren shayi.
Shekara hamsin rabonta da Maiwurno.
Ta ƙirga akwatunan da leɓe, ta ce,
Mudi, kunne biyu Allah Ya ba ka,
me za ka yi da baki takwas?
Ban amsa ba. Na ja mata kujerar tsakiya,
wadda na yi wa alama da alli a ƙasa,
na ce zauna nan, rufe ido.

Goge ya taso daga hagu, siriri kamar hayaƙin turare.
Kalangu ya tare shi ta dama.
Sai ƙwarya daga baya, daf da kafaɗa,
har ana jin zoben makaɗin yana taɓa ta,
da tarin wani dattijo can nesa.
Guɗa ta sauko daga sama.

Inna ta waiga.
Ta ce, wa ya shigo?
Ta ja mayafi ta rufe kanta.

Babu kowa, Inna.
Ta ɗaga mini yatsa, in yi shiru.
Can ta nuna ƙofar banɗaki, ido a rufe,
ta ce nan Barau yake zama da ƙwaryarsa,
kogi yana ta wancan gefen,
mu 'yan mata muna nan, bayan tabarma.
Ni ban ga komai ba sai guga da tsintsiya.

Shayin ya huce a kan tire.
Sai da aka kira magariba ta yarda na kashe.

Yau sati uku kujerar ba tawa ba ce.
Ina zama a bakin gado,
inda kiɗan ke zuwa a karkace, dama ta fi hagu,
rigata jiƙe sharkaf,
ina kallon babban yatsan ƙafarta
yana bin kalangu a kan alamar alli
har ya kusa goge ta.